Ka Ce Ka Iya Turanci? To, Karya Ƙafa!

Na gan ka, Malam. Tun daga kan take ka taɓe baki, ka turo hula gaban goshi, kana cewa a ranka, wane ne kuma wannan da zai koya mini Turanci? Ka ce kai zama ɗaya ka yi wa jarrabawar WAEC ka fito da kiredit? Ka ce har gobe kana iya jero dokokin nahawu kamar mai tilawa? Madalla, Allah ya ƙara basira. Wanda ya ce zai haɗiye gatari ai sai a riƙe masa ƙota. Ga tambaya ɗaya tak, in ka amsa na tattara takarduna na ba ka wuri. Ka shirya tsaf za ka shiga ganawar neman aiki, sai abokinka Bature ya dafa kafaɗarka, yana murmushi, ya ce maka “break a leg”. Me za ka mayar masa?

Kada ka yi mini ƙarya, Allah yana ganin ka. “Aniyarka ta bi ka” za ka ce, in ba a fili ba to a zuci. Har ka soma lissafin abin da ka taɓa yi wa mutumin nan da yake yi maka fatan karaya da sassafe. Alhali bawan Allah addu'a ya yi maka irin tasu. Maganar 'yan wasan kwaikwayo ce ta fito titi. A gidajen wasan Ingila da Amurka an camfa cewa duk wanda aka yi wa fatan sa'a ƙiri-ƙiri kafin ya hau dandamali, an shafa masa tsiya ke nan. Saboda haka sai a murɗe baki a ce ya je ya karya ƙafa. Godiya ake yi, ba a neman tsari.

Ka ce wannan ai wauta ce? Ka ce mai hankali ba ya fatan alheri da mugun baki? Sannu dattijo. Su wane ne suka raɗa wa 'ya'yan da suka fi ƙauna suna Ajuji da Ayashe, wai don mutuwa ta ɗauka ba a damu da su ba ta wuce? Turawa ne? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To gyara zama, yau ni da kai ne. Turancin da malam ya rubuta maka a allo da alli rigar zuwa ofis ce. Wanda masu harshen suke yi a kicin da tashar mota da shagon aski wata tufa ce daban, kuma ba a ɗinka ta da ƙamus.

Mu fara da wadda ka fi ji da ita: “it's raining cats and dogs”. Ka ce wannan kam ka haddace ta tun aji uku? Shi ne ma abin tausayin. Ta tsufa tukuf. Marubucin nan Jonathan Swift ya sa ta a littafi tun 1738, kuma ko a lokacin cikin maganganun da aka sha har aka gundura ya jera ta, don ya yi wa masu faɗarsu dariya. Yau in ka tsaya a tashar bas a Landan ka faɗe ta, za a gane, amma za a dube ka kamar wanda ya shiga kasuwar waya yana tayi da sule da sisi. Su cewa suke yi “it's pouring”, ko “it's chucking it down”, ko “it's bucketing down”, wato ana sheƙa shi da bokiti. Ka ji? Su bokiti, mu bakin ƙwarya. Mazubi ne kawai ya bambanta.

Kuma don Allah labarin nan da ke yawo a waya, wai a da karnuka da kyanwoyi kan kwana a kan jinka, in an yi ruwa sai su zame su faɗo, daina tura wa mutane. Masu binciken asalin kalmomi sun tona sun tona ba su ga hujjarsa ba. Kai ka taɓa ganin kare ya hau jinka ya miƙe ƙafa? Ƙanzon kurege ne.

Ka ce duk da haka harshen da ke sauko da kare daga sama ba shi da kan gado? Kai! Lallai baki ya san abin da zai faɗa, bai san abin da za a mayar masa ba. Matso nan. Jiya da ka dawo ka ce mini ka ci kasuwa. Da me ka ci ta, da miyar kuka? Ƙanenka ya ci jarrabawa, maƙwabcinka ya ci bashi, wani ya ci amanarka, alƙali ya ci shi tara, ƙungiyarku ta ci ƙwallo biyu, kuma dukanku kuna fatan ƙasa ta ci gaba. Wane irin tumbi gare ku? Da aka gama ci sai aka koma sha: ka sha iska, ka sha wuya, ka sha alwashi, ka sha mamaki, uwargida ta sha kunu ko ludayi ba ta taɓa ba. Kuɗi kashe su kake yi. Waya buga ta kake yi. In tsoro ya kama ka, cikinka ya ɗuri ruwa, sai ka ranta a na kare. Ga karenka nan ya fito, ashe kai ma kana kiwo. Ko tsada ce sai ka ce ɗan karen tsada.

Ka tausaya wa Bargery, Baturen mishan ɗin da ya fitar da ƙamusun Hausa da Turanci a 1934. Kana jin ranar da aka fara ce masa wane yana farin ciki bai saci kallon cikin mutumin ba? Ga baƙin ciki, ga farin jini, ga jan hali, ga jan aiki, duk ka shafe harshe da fenti. Sannan don Bature ya ce “I'm feeling blue”, wato ransa ba daɗi, sai ka ce me ya haɗa shuɗi da damuwa? Abin da ya haɗa shuni da dukiya, da kake cewa mai hannu da shuni. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Doka ta farko ke nan, rubuta ta a bangon ɗakinka: karin magana ba a yi mata fiɗa. Dunƙule ake haɗiye ta kamar ƙwayar magani, in ka tauna ka sha ɗaci. In an ce aiki “a piece of cake” ne, kada ka ɗauko faranti, abin da kake kira kamar shan ruwa ne. In an ce wani ya “spill the beans”, su wake suke zubarwa, mu ƙwai muke fasawa, asirin dai ya tonu. Wanda ya ce yana “under the weather” ba hasashen yanayi yake karanto maka ba, jikinsa ne ba daɗi. Wanda ya ce zai “hit the sack” barci zai je, buhu bai yi masa laifin komai ba.

Wadda ta fi kowacce tarko ita ce “I'm pulling your leg”, domin mu ma muna da jan ƙafa, sai kunnenka ya ce ai 'yar gida ce. Kama da wane ba ta wane. Namu jan ƙafar nawa ce da jinkiri, irin na ɗan kwangilar da ya riga ya karɓi kuɗi. Nasu zolaya ce, irin wadda nake yi maka yanzu haka. In suna nufin irin namu, “dragging his feet” suke cewa.

Ka ce to shi ke nan, ka gane, za ka sayi littafin karin maganar Turanci ka haddace dubu ka huta? Nan ne fa za ka jawo mana abin kunya. Sanin ma'ana rabin aiki ne, ɗaya rabin sanin wurin faɗa. Ɗauki “kick the bucket”. Ma'anarta mutuwa, kuma tana cikin ƙamusun maganganun 'yan tasha da Francis Grose ya fitar a Landan tun 1785. Ka lura da inda aka ajiye ta, cikin na 'yan tasha. To ka haddace ta, mahaifin maigidanka na ofis ya rasu, ka zuba babbar riga ka je ta'aziyya, ka sunkuyar da kai, ka ce ka ji labari baba ya shuri bokiti. Daidai yake da ka shiga zaman makoki a Kano ka ce, “Ashe tsoho ya sheƙa barzahu?” Ko tabarma ba za a matsa maka ba. A wurin ta'aziyya “passed away” ake cewa, kamar yadda kake cewa ya riga mu gidan gaskiya, ka ƙara da “sorry for your loss”. Bokiti kuwa a bar shi a bakin rijiya.

Ka ce ni da nake ta cika baki ban taɓa faɗawa rami ba? Wa ya gaya maka? Zuwana Ingila na farko, cikin hunturu, na shiga wani ɗan kanti kusa da masaukina in sayi madara da burodi. Matar da ke bayan kanta, dattijuwa mai tabarau, ta ɗago kai ta ce, “You alright, love?” Abu biyu suka faɗo mini lokaci guda. Na farko, ashe rashin lafiyar ta fito a fuskata har baƙuwa ta gani. Na biyu, wannan “love” ɗin fa, daga haɗuwa? Na waiga ko da wani take. Ba kowa, daga ni sai firji. Na ce a raina, ikon Allah, sa'ar gyatumata tana kira na masoyi.

Sai na ajiye burodi na shiga bayani. Na gaya mata mura ta kama ni tun a jirgi, ga ciwon kai, ga sanyin garinsu ya shige mini ƙashi, daren jiya ma ko runtsawa ban yi ba. Tana riƙe da kwalin madara, baki sake, kafin in ankara layi ya taru a bayana har bakin ƙofa. Da na kai aya ta ce “oh dear”, ta miƙo mini canji. Ban kai ƙofa ba na ji ta ce wa na bayana, “You alright, love?” Ya ce, “Yeah, you?” Ya biya ya fice. Haka aka ce wa na bayansa, da na bayan na bayansa. Ashe soyayyar ta kowa da kowa ce, tambayar kuma gaisuwa ce tsurarta.

Dariya kake yi? Yi abarka. Amma gaya mini, ranar da ka kwaso rana da ƙafa tun daga kasuwa, kana haki, aka ce maka ina gajiya, me ka ce? Ba gajiya. Mutum yana kwance a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, a ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Al'adar gidanmu ce na kasa ganewa don ta canza harshe. Na ma taki sa'a. Da a Nottingham ko Stoke na sauka, “duck” za ta ce mini, wato agwagwa, kuma nan ma ƙauna ce. Ka ga da sai an raba mu.

Mutanen Ingila kuwa suna da wata kunyar baki da ko Bafulatana sai ta sara musu. In ka nuna wa ɗayansu aikinka ya ce “not bad”, kada ka koma gida kana huci, yabo ne. In ya ce “interesting” yana jan kalmar, fara laluben inda ka yi kuskure. In ya buɗe magana da “with all due respect”, kama kujera da kyau, girmamawar ta ƙare a nan, saura sara. In kuma ya ce “we must have lunch sometime”, kada ka ciro kalanda. Ka ce wannan munafunci ne? Subhanallahi! Kai da kake zaune gaban ɗan tuwon da ko kai bai isa ba, mutum ya zo wucewa ka ce masa bismilla? In ya wanke hannu ya zauna fa? Dubi yadda fuskarka ta canza tun yanzu.

Ba'amurke kuma “What's up?” zai ce maka, kai kuma ka ɗaga kai kana duban silin. Ba komai a sama sai fanka. Ce masa “not much”, ko ka mayar masa da abarsa. Abin dariyar, gaisuwar nan kullum tana aljihunka: WhatsApp da aka kafa a 2009, da ita aka yi wasa aka raɗa masa suna. Shekara nawa kana latsa shi ba ka taɓa tambaya ba?

Ka ce kai ba ruwanka da maganar 'yan zamani, tsantsar Turancin Sarauniya kake yi? To Sarauniyar ma ta rasu tun 2022, sai haƙuri. Kuma sau nawa ka ce “OK” daga safe zuwa yanzu? Ka san gidan da ta fito? Gidan shaƙiyancin 'yan jarida. A 1839 wata jaridar birnin Boston ta buga ta a matsayin gajarta “oll korrect”, wato “all correct” da aka rubuta a karkace da gangan don raha. Shekara ta zagayo, 1840, magoya bayan shugaba Martin Van Buren, wanda ake wa laƙabi da “Old Kinderhook” saboda sunan garinsu, suka ɗauke ta suka yi kamfe da ita. Van Buren ya sha kaye, OK ta ci zaɓe. Farfesa Allen Walker Read ne ya bi sawunta cikin tsofaffin jaridu a shekarun 1960 ya tono wannan tarihi. Yau har kakarka a ƙauye in ta gama waya sai ta ce oke. Wargin jiya ne ya zama Turancin yau, kai kuma kana ta gadin rumbun da ba hatsi.

Yanzu riƙe hularka, za mu ratsa unguwar samari, inda kalmomi ke tafiya a kife. In yaro ya ga sabuwar motarka ya ce “that's sick”, ba ciwo ya gano mata ba, ta burge shi ne. “Wicked” a ƙamus mugu ne, a bakin matasan Ingila abin da ya haɗu ne. Michael Jackson ya sa wa faifansa na 1987 suna “Bad”, kuma ba tuba yake yi ba. Ka ce duniya ta zo ƙarshe? Kai da ka ga amarya ka ce ta yi mugun kyau, ka ɗanɗani kilishi ka ce ya yi bala'in daɗi, ka ga gwanin ƙwallo ka ce yaron nan shege ne? Mugu da bala'i da shege duk ka mayar da su kirari, sannan ka hau mumbari kana yi wa wani wa'azi.

Sai akuya. Da Messi ya ɗaga kofin duniya a Katar a 2022, wayoyi suka cika da hoton akuya, ana ta rubuta “GOAT”. Wani dattijo a majalisarmu ya ɓata rai, ya ce wannan wane irin butulci ne, mutum ya yi wannan bajinta a saka masa da zagi. Haruffan farko ne na “greatest of all time”, gwanin gwanayen kowane zamani, kirarin da ake danganta tushensa da ɗan dambe Muhammad Ali. Amma ga gargaɗi, kyauta na ba ka: kada ka durƙusa gaban surukinka ka ce masa, “Baba, you are the goat.” Ba zai tsaya lissafin haruffa ba.

Ka ce ka ji duka? Tukuna. A gabashin Landan akwai mutanen da ake kira Kokni, waɗanda tun tsakiyar ƙarni na 19 suka ƙago nasu zaurancen. Sai a ɗauki kalma, a nemo wasu kalmomin da ƙarshensu ya yi amo ɗaya da ita, a sa su a madadinta. Matakalar bene, “stairs”, ta zama “apples and pears”. Waya, “phone”, ta zama “dog and bone”. Sannan don mugunta sai a yanke rabin da ke ɗauke da amon a jefar. Kai, wato “head”, ya zama “loaf of bread”, aka datse shi ya koma “loaf”. In aka ce maka “use your loaf”, yi aiki da hankalinka ake nufi, bar burodin mai shayi ya huta. Ka ce wannan ɓata lokaci ne? Tambayi yayarka yadda ita da ƙawayenta suke juya gida ya koma dagi don kada ka ji gulmarka da suke yi a gabanka.

Kuma wai wane Turancin ma ka iya, na Ingila ko na Amurka? A Amurka “pants” wando ne, a Ingila kamfai ne. Je Landan ka ce wa abokin aikinka “I like your pants”, ka ga yadda zai duba ko zariyarsa ta kwance. Kuɗi ma kowa da laƙabin nasa: fam “quid”, dala “buck”, dubu “grand”. Kafin ka buɗe baki, tuna cewa kakanka jaka yake ce wa fam ɗari, kai kuma ka gaje ta ka kira naira ɗari biyu da ita. “Cheers” da ka ɗauka sai da kwalba a hannu, a Ingila na gode ce, har direban bas ana ce wa. Faɗe ta abarka, ba ta karya alwala.

Bari yanzu in juyo maka da madubi. Ka ce naka Turancin tatacce ne, ba gauraye? Bature ya yi tuntuɓe ka ce masa “sorry”, ya juyo ya ce ai ba laifinka ba ne. Kai sannu ka yi masa, shi kuma neman gafara ya ji. Ka tarar da shi yana tsakiyar aiki ka ce “well done”, ya rasa abin da ya gama da ake yaba masa. Sannu da aiki ce ta sa kwat. Wadda ta fi daɗi, ka miƙe ka nufi ƙofa ka ce “I'm coming”. Yana kallon ƙeyarka tana nisa, kai kana ce masa ga ka nan tafe. Ina zuwa ce, tamu ta gado, wadda kan zama minti biyar, ta kuma zama bayan la'asar.

Ka ce to ashe mu ne 'yan kuskure? Af, har ka karaya? Ɗago kanka. A watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Nijeriya. “Okada” tana ciki, “danfo” tana ciki, “mama put” tana ciki, har Kannywood. “Next tomorrow”, wato jibi, wadda malaminku ya sha zane ku a kanta, yau tana zaune a Oxford ta harɗe ƙafa. Turanci ya daɗe da zama kasuwa, kowa da rumfarsa. Kai dai ka san rumfar da kake tsaye. “I'm coming” a Kano daidai ce, a Manchester kuwa “I'll be right back” za ka ce, in ba haka ba a zuba ido ana jiran ka iso inda kake.

Ka ce to yaya za ka yi, tunda na yaga maka littafin hadda? Yauwa, yanzu ka hau hanya, matambayi ba ya ɓata. Buɗe kunne kafin baki. In kana kallon fim ko sauraron sharhin ƙwallon Firimiya, ka ji magana ta wuce wadda duk kalmominta ka san su amma jimlar ta ƙi zama, ka kama ɓarawo, karin magana ce. Rubuta ta ɗungurungum, da wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da yadda fuskarsa take. Ƙamusun kirki kan sa alama a gefen kalma, ko ta raha ce, ko ta batsa, ko ta tsufa. Karanta alamar kafin ma'anar. Ka fi ba da ƙarfi ga 'yan ƙananan nan marasa kwarjini, su “give up” da “put off” da “run out of” da “look after”, domin su ne tuwon yau da kullum. In ba ka gane ba, ce ba ka gane ba. Masu gyaɗa kai suna “yes, yes” su ne ke sayen abin da ba su taya ba.

Sannan ka yi hattara da sabon yayi. Maganar samari kamar tumatir take, ba ta jure ajiya. Oxford ta zaɓi “rizz”, wato baiwar iya jan hankalin wanda ake so, a matsayin kalmar shekarar 2023. Kafin ka gama koyon furta ta, masu ita sun yi gaba. Kaɗan ne ke tsawon rai irin “cool”, wadda makaɗan jaz baƙaƙen fatar Amurka suka yaɗa tun shekarun 1940, kuma har yau ba ta yi furfura ba. Mai shekara hamsin da ke cusa “rizz” a zance daidai yake da alhajin da ya zazzago wando ya zo ɗaurin aure. Barbaɗa kaɗan kamar gishiri. In ka juye gwangwanin duka, da tukunyar za a zubar.

Har yanzu kana taɓe baki? Na gani. Ka ce duk abin da na faɗa da ma ka sani, gwada ni kawai kake yi? To na sallama, kai ne akuyar unguwarmu, kuma yanzu ka san ba zagin ka na yi ba. Gobe in za ka shiga ganawar nan, Malam, ka je ka karya ƙafa. In ka ce na gode, ka ci jarrabawata. In kuwa har bakinka ya motsa zai ce aniyarka ta bi ka, koma can farko ka sake karantawa.